Gwangwanin Katunan Marwan

Alhamis, 5 ga Rajab, bayan Azahar

Silifas ɗin Marwan suna nan a bakin ƙofa, ina tuntuɓe da su ina tsaki, ban kuma ɗauke su ba. Ƙanena ne, ya haura arba'in, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki saboda tsawo, amma har yau ni ce mai kwashe masa takalma. Mu biyu muka rage a gidan tun rasuwar Umma.

Ba zan rubuta abin da ya faru a filin ƙwallon kwando ranar Talata ba. Duk mutanen layinmu na Rusaifa, a nan Makka, sun gani, ko sun ce sun gani, kowa kuma da irin labarinsa. Abin da na sani shi ne motar 'yan sanda ta zo, aka ce ya nuna iƙama. Shi kuwa tun da aka haife shi a garin nan bai taɓa riƙe katin zama mai sunansa ba, kamar yadda ni ma ban taɓa ba. Yanzu yana can inda ake tara mutane kafin a sa su a jirgi. Idan aka sa shi, Najeriya za a kai shi, ƙasar da bai taɓa takawa ba, kuma ba dawowa.

Inna Maiturare, maƙwabciyata, ta ce in daina magana ni kaɗai a kicin, ana jiyo ni ta taga. To ga shi na koma yi da takarda. Ɗan bokon da na yi a Malumfashi kafin Baba ya aika a kawo ni, yau ya yi mini rana.

Juma'a, 6 ga Rajab, da hantsi

Na tuƙa tuwon ɗalibai kamar kullum. Sai da na gama jera shi a kuloli na tuna babu mai kai musu shi unguwar Aziziyya, don aikin Marwan ne wannan. Na zauna a kan bokiti ina kallon kulolin, su ma suna kallona.

Malam Abdulquddus ne ya zo da kansa ya ɗauka. Shi ne babba a cikin ɗaliban da nake dafa wa abinci, mutumin Zariya, yana karatun hadisi, iyalinsa suna gida. Ya yi mini jaje da ayoyi masu yawa. Na gode masa har zuciyata, amma ƙafafuna suna zogi, na so a ce ya taƙaita.

Lahadi, 8 ga Rajab, bayan La'asar

Mukhtaru ya zo. Mu'aƙƙibi ne, irin masu bin ofisoshi da takardun mutane, ga turare kamar ya yi wanka da shi, ga waya biyu a hannu. Ya duba tsohuwar takardar Baba da shaidar haihuwar Marwan ta asibiti, ya ce akwai ƙofa. Wanda aka haifa a nan ana iya shigar masa da roƙo a dakatar da tafiyarsa, in dai an shigar kafin sunansa ya fito cikin 'yan jirgi. Bai ce za a dace ba, cewa ya yi ana dacewa. Sai ya faɗi kuɗin aikin. Ko na haɗa abin da nake samu a Arfa na hajji uku, da girkin da sharar da wanke-wanken duka, ba zai kai ba. Na tambaye shi ko ya ga rijiyar mai a tsakar gidan nan da yana shigowa. Ya yi murmushi, ya ce muna da zuwa ƙarshen wata, bayan nan ba ya iya cewa komai.

Da ya tafi ban yi kuka ba. Na wanke tukwanen da suke a wanke.

Litinin, 9 ga Rajab, bayan Magariba

Ya kira. Wayar wani ce, ana ta hayaniya a bayansa. Ya ce yana cin abinci, sanyi ne kawai yake damunsa, kuma kada in zo. Sai ka ce da ina da ƙafar zuwa. Na faɗa masa maganar Mukhtaru.

"Yaya, gwangwanin nan na ƙarƙashin gadona," ya ce da Hausarsa da Larabci ya cinye rabinta. "Ki sayar da kurut ɗin. Halas, shi ke nan, ki sayar."

Katunansa yake nufi. Na ce masa maganar zamansa a ƙasar nan ake yi, shi yana maganar kayan wasa. Ya ce in dai nemi wanda ya san su. Kafin in ƙara wata magana mai waya ya karɓi abarsa.

Talata, 10 ga Rajab, bayan Asuba

Na jawo gwangwanin. Na biskit ne, shuɗi, murfin ya yi tsatsa a gefe. Cike yake da katuna, kowanne bai kai tafin hannu ba, ɗauke da hotunan 'yan ƙwallon kwando na Amurka, dogaye da gajerun wanduna, wasu suna sama kamar an rataye su. Lokacin da Baba yake tuƙa wani Bature injiniya a Jidda, ɗan Baturen ne ya bar su da za su koma ƙasarsu, Baba ya kawo wa Marwan tsaraba yana ƙaramin yaro. Daga nan cutar ƙwallo ta kama shi. Ya yi wasa har wani kulob ya neme shi, da aka zo maganar takarda aka ce ya je gida za a kira shi. Har yau ana kan kiransa. Shi ne ya koma koya wa yaran unguwa da yamma, kyauta, a filin nan da na ce ba zan rubuta ba.

Shekara da shekaru ina yi masa gori a kan gwangwanin nan. Na kira shi attajirin takarda, na ce ranar da gas ya ƙare da su zan hura wuta. Shi dai amsarsa ɗaya ce, wata rana, Yaya. Bai taɓa yarda in taɓa su ba sai na wanke hannu, ni da da hannun nake tuƙa abin da yake ci.

A sama akwai 'yan kaɗan da ya ware, kowanne cikin 'yar leda shara-shara da ta yi ja don tsufa. Na mayar na rufe. Warin ɗakinsa ne a cikin gwangwanin, ban iya daɗewa da shi a buɗe ba.

Laraba, 11 ga Rajab, bayan Azahar

Da Malam Abdulquddus ya zo ɗaukar tuwo na fito masa da su, tunda shi yana jin Turanci. Ya fara da cewa shi fa hoton mai rai ba ya son ya daɗe yana kallo. Sai ga shi ya cire hula, ya tanƙwashe ƙafa a tabarmar bakin ƙofa, yana ɗaga kati ɗaya-ɗaya yana buga rubutun bayansa a waya, har tuwon bayin Allah ya huce.

Ya ce yawancinsu ba su da wata daraja, an buga su da yawa kamar kalandar bango. Waɗanda Marwan ya ware su ne abin magana, musamman wani mai jar riga da ya yi tsalle da ƙwallo a hannu ɗaya. Wai katin shekarar farko ne da ɗan wasan ya shiga babbar gasa, tun duniya ba ta san shi ba, kuma irinsa da suka rage lafiya ba su da yawa. Masu saye suna duba kaifin kusurwoyi, da gefen katin ko ya ci, da ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, da fuskarsa ko ta karce. Akwai ma masu sana'ar ba da maki daga ɗaya zuwa goma, kuma tsakanin mai bakwai da mai tara akwai kuɗin mota. Na ce yanzu a duniyar nan akwai mai ba da kuɗin mota a kan hoton ƙato da gajeren wando? Ya ce akwai, Hajiya, har layi suke yi.

Ya juyo mini da wayar in ga wani adadi. Na ce ya cire sifili ɗaya saboda zuciyata. Ya ce ko an cire, ya ishi Mukhtaru.

Na rasa inda zan sa fuskata, duk da Marwan ba ya wurin.

Alhamis, 12 ga Rajab, da hantsi

Mutumin nan da ya kira wa Marwan 'yan sanda bayan ɗansa ya ji ciwo a filin ƙwallo ya aiko da buhun shinkafa. Wai hannun ɗansa ya warke, wai bai san abin zai kai haka ba. Na ce a mayar masa da kayansa.

Juma'a, 13 ga Rajab, bayan La'asar

Malam ya samo mai saye. Mace ce, sunanta Ghada, 'yar Jidda, ita da mijinta sana'arsu ke nan, saye da sayar da irin katunan nan ta intanet. Ya ɗauki hoton waɗanda aka ware gaba da baya ya tura mata, ba a daɗe ba ta amsa. Ta ce ba ta saye sai ta gani da idonta. Ni kuwa ba ni zuwa Jidda, akwai shingen bincike a hanya, kada a je ceton mutum ɗaya a wayi gari mun zama biyu. Ta ce Juma'a mai zuwa za su zo umara, sai su biyo ta nan.

Mako guda ke nan. Na kira Mukhtaru na faɗa masa, ya ce mako guda ba laifi, amma kada ya zama biyu.

Saƙonta shi ne a kiyaye su, kada ruwa, kada zufar hannu, kada komai ya taɓa fuskarsu. Malam ya maimaita mini har na ce masa ni ba kurma ba ce. Gobe shi da wasu ɗaliban za su tafi Madina da malamansu, za su yi wajen kwana goma, don haka tuwon ma zan rage.

Asabar, 14 ga Rajab, bayan Azahar

Ruwa. Na Makka ba ya sallama, ana rana tsaka sai ka ji kamar an kifar da randa. Ina kicin ina kwashe kayan miya na tuna rufin ɗakin Marwan yana yoyo daidai kan gado, tun bara yake cewa zai liƙe. Na tarar ruwa ya malala ƙarƙashin gadon, gwangwanin yana zaune a ciki har ya kai gaɓar yatsa.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na kasa buɗe murfin sai da na sa cokali. Cikin a bushe yake. Na rungume shi a ƙirji na zauna a kan gadon da yake jiƙe, ina cewa alhamdu lillahi, zanina yana shan ruwa ban damu ba.

An ce za a ƙara yin wani kafin Laraba. Na gaji.

Lahadi, 15 ga Rajab, da hantsi

Inna Maiturare ta shigo ta tarar da ni na naɗe gwangwanin da tawul na ɗora a saman firij. Na ba ta labari. Ta ce in buɗe ta gani, ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu tana taɓe baki.

"Lailatu, ke da kika san ko katin allurar riga-kafi ba ma barinsa tsirara, za ki bar abin da zai fito da ɗan'uwanki a cikin wannan ruɓaɓɓiyar leda? Ki kai maktaba a yi musu taglif."

Taglif shi ne robar nan mai tauri da ake manna wa takarda da na'ura mai zafi a shagon kayan rubutu. Haka muke yi, duk mu da ba mu da takarda ta gaske. 'Yar wadda muke da ita, ko ta asibiti ce ko ta wani tsohon maigida da ya rubuta cewa ya san mu, sai mun sa mata roba hankalinmu yake kwanciya. Takardar Baba tun ina budurwa Umma ta kai aka yi mata. An yi ambaliya, mun yi ƙaura daga gida zuwa gida, tana nan kamar jiya aka rubuta.

Matar ta ce kada ruwa, kada zufa, kada komai ya taɓa fuskarsu. To me ya fi taglif yin wannan aikin? Ban da haka ni mai sayar da abinci ce, na san kula mai tsabta tana ƙara wa tuwo kwarjini. Ba zan tari 'yar Jidda da ledojin da suka yi kalar haƙorin mai cin goro ba.

Litinin, 16 ga Rajab, bayan La'asar

Na kai. Ɗan Bangladesh ɗin da yake maktabar bakin titi ya juya mai jar rigar a hannunsa, ya dube ni, ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ya sake tambaya. Na ce da kuɗinsa za a yi ko da nawa? Ya ɗaga kafaɗa ya kunna na'ura.

Ɗaya-ɗaya ake biya, saboda haka waɗanda Marwan ya ware kawai na bayar, sauran tarkacen ba su cancanci ɓarnar riyal ba. Suna fitowa da ɗuminsu yana gyara gefen robar da almakashi. Mai jar riga ya fito yana sheƙi kamar sabon faranti, jan ma ya ƙara ja. A gida na ɗiga masa ruwa da gangan, ya gangare ya sauka, na share da gefen mayafi.

Yau ce rana ta farko da na ci abinci na ƙoshi.

Laraba, 18 ga Rajab, bayan Magariba

Ruwan bai zo ba. Marwan ma bai kira ba. Na sa wayar a aljihun riga ina girki, na ciro ta ya fi a ƙirga, duk lokacin da na duba babu komai sai agogo.

Alhamis, 19 ga Rajab, bayan Azahar

Na share gidan, na aro kofunan shayi masu bakin zinare a wurin Inna, ta kuma turara mini falo har sai da na yi tari. Na shirya yadda zan yi ciniki. Ba zan fara faɗin kuɗi ba, ba zan nuna ina cikin matsi ba, idan ta yi tayi zan yi shiru in kalli bango. Na gwada shirun a gaban madubi, Inna ta ce kamar mai ciwon haƙori.

Mukhtaru ya kira ya ce an fara karanta sunaye. Na ce gobe in sha Allahu.

Juma'a, 20 ga Rajab, bayan Magariba

Ta zo. Ta tafi.

Asabar, 21 ga Rajab, bayan Asuba

Bari in rubuta, ko zai bar ƙirjina.

Bayan La'asar suka iso, mijin ya tsaya a mota. Ghada 'yar siririya ce, ba ta kai ni shekaru ba, mai ladabi. Ta cire takalmi tun daga waje, ta sha shayi, ta yi mini addu'a a kan ɗan'uwana, ashe Malam ya ɗan gutsura mata labarin. Sai ta shimfiɗa wani baƙin ƙyalle a kan tebur, ta kunna 'yar fitila, ta fito da ɗan madubin nan da ake karawa a ido. Ni kuma na kawo su a kan tire, naɗe cikin sabon hankici, na buɗe a gabanta ina jiran ta yaba.

Ba ta miƙa hannu ba. Ta daɗe tana kallonsu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce."

"Yaushe?"

"Ranar Litinin."

Ta ɗora hannu a baki. Ta ce hotunan da aka tura mata ba haka suke ba. Na ce ai shi ya sa, an yi ruwa, na ga gara in kiyaye su kamar yadda ta ce. Har lokacin murmushi nake yi.

Ta ɗauki mai jar riga ta kai shi ƙarƙashin fitila, ta juya gaba, ta juya baya, ta kara madubin a kowace kusurwa. Sannan ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa mara lafiya. Robar taglif tana da gam a ciki, zafin na'ura ya narkar da shi ya shiga fuskar takardar, sun zama abu ɗaya. Masu ba da maki ba sa karɓar katin da aka yi wa haka, ko maki ɗaya ba za su ba shi ba. Su ma roba suke sa wa kati, amma gida ne mai tauri da katin yake kwance a ciki ba tare da ya manne ba. Ta ce katin na gaske ne, kusurwoyinsa huɗu kamar yau aka yanka, duk wanda ya riƙe shi shekarun nan ya san abin da yake yi. Wannan maganar ta fi sauran yi mini zafi.

Sai halina ya motsa. Na ce na san 'yan kasuwa, da haka ake kushe kaya don a karya kuɗinsu, ni ma ina sayen tumatir, na san yadda ake taɓa shi a ce ya yi laushi. Na ɗaga murya a gidana a kan baƙuwa. Ba ta yi fushi ba, ta kashe fitilarta.

"'Yar'uwa, da ina son in karya miki kuɗi, da na yi tayi. Ban yi tayi ba."

Ta duba sauran, tarkacen da na raina ban sa musu roba ba, ta tsince wasu ta saya. Ina jin ta ba ni fiye da abin da suka kai, ban kuma iya cewa a'a ba. Ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin Mukhtaru bai yi ba. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce Allah ya fito da shi. Shayin da na ƙara mata yana nan a kofin har yanzu.

Lahadi, 22 ga Rajab, da hantsi

Inna ta zo da dutsen guga da sabuwar reza. Ta ce abin da zafi ya manna, zafi zai ɓamɓare. Na san ba zai yi ba, amma ba ni da ƙarfin musu. Muka zaɓi ɗaya, wani mai koriyar riga, ta ɗora ƙyalle ta goge, ta sa reza ta ɗaga gefe. Robar ta taso da fuskar mutumin a jikinta, takardar ta rage fara fat.

Inna ta zauna a ƙasa daɓas ta ce ita ta jawo. Na ce ta tashi ta tafi gidanta, turarenta ma hawa mini kai yake yi. Tsohuwar da ta yi wa Umma wanka na faɗa wa haka. Ta tattara dutsen gugarta ta fita.

Na wanke tukwanen da suke a wanke.

Litinin, 23 ga Rajab, bayan Azahar

Malam Abdulquddus ya dawo daga Madina da dabino da fara'a. Na miƙa masa hankicin. Ya buɗe, ya yi salati a hankali, ya zauna a kan tabarmar ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ce laifinsa ne, ya faɗa mini duk abin da zai ɓata su ya manta da wannan, don bai taɓa kawowa a ransa ba. Na ce Malam ka bar mini kayana, kada shi ma ka ƙwace. Yau bai karanta mini aya ko ɗaya ba, kuma yau ne na so ya karanta.

Ya tura wa wasu masu saye biyu hotunan. Ɗaya bai amsa ba, ɗayan ya turo fuskar nan mai kuka.

Talata, 24 ga Rajab, bayan La'asar

Na haɗa kuɗin Ghada da 'yan kunnena da abin da ɗalibai suka tara mini, na kai wa Mukhtaru, na ce ya fara da wannan, sauran zan biya a hajji mai zuwa ko da ƙafafun nan za su tsinke. Ya buɗe ambulan ya leƙa, ya rufe, ya turo mini. Ya ce in ajiye wa Marwan guzuri, lokaci ya riga ya ƙure. Ban sani ba ko gaskiya ce ta kama shi, ko kuwa ya ga kuɗin ba su kai a yi ƙarya dominsu ba.

Na dawo da ƙafa. Hanyar da ba ta da nisa, na zauna a bakin shago sau biyu.

Laraba, 25 ga Rajab, bayan Azahar

Ya kira ina cikin kwashe tuwo. Muryarsa ta dushe, ya ce mura ce. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Kin sayar?"

Na faɗa masa duka a numfashi ɗaya, kamar mai shan magani mai ɗaci, ruwan da maktabar da Ghada da rezar. Ina jiyo wani yana tari a kusa da shi.

"Taglif na maktaba? Mai zafi?"

"Shi."

Na jira ya zage ni. Wallahi na so ya zage ni, ya kira ni da duk sunan da ya ga dama, da na samu abin riƙewa. Sai ya tambaye ni abin da matar ta ce a kan mai jar riga, na gaske ne? Na ce ta ce na gaske ne, ta ce wanda ya riƙe shi ya san abin da yake yi. Ya ce da nawa zai yi in da ba a taɓa shi ba. Na faɗa masa. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai na ji ya yi 'yar dariya, ya juya yana faɗa wa na kusa da shi adadin da Larabci, har mutumin ya yi fito.

"Kin gani, Yaya? Ashe ba hauka nake yi ba."

"Ba hauka kake yi ba."

Sannan ya ce da safiyar nan aka karanta sunansa, ranar Asabar ne. Ya faɗe shi kamar yana faɗin gas ya ƙare. Ya ce in ajiye mai jar riga, kada in ba kowa, yanzu ai ko ruwa ba ya tsoro. Ya ce in nemi wani ya liƙe rufin kafin a sake yin ruwa. Na buɗe baki in ce ya yafe mini, kuka ya riga maganar fitowa, ya ce bas, Yaya, ya isa haka, ana jiran wayar.

Tuwon ya yi gudaji. Haka na aika da shi.

Alhamis, 26 ga Rajab, da hantsi

An yarda a kai masa jaka ɗaya, Mukhtaru ya ce zai miƙa kyauta. Na sa riguna da bargo da maganin mura. Kuɗin na ɗinke su cikin ƙugun wando. Na rubuta masa sunan unguwarmu a Malumfashi da sunan Kawu, wanda rabon da in ji labarinsa tun Umma tana da rai, ban san ko yana duniya ba. Na rubuta da Hausa na rubuta da Larabci.

Ina cikin ɗinkin Inna ta shigo ba sallama, ta ajiye ƙullin turare a cikin jakar, ta karɓi allurar daga hannuna don ta ga ba na ganin ramin. Ban ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Ta ƙarasa ɗinkin ina riƙe mata wandon.

Juma'a, 27 ga Rajab, bayan La'asar

Bai kira ba. An ce ana karɓe wayoyi idan tafiya ta matso.

Asabar, 28 ga Rajab, bayan Magariba

Yau ne. Ba wanda ya faɗa mini lokaci. Bayan Azahar na hau saman gidan na tsaya tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya ina kallon sama, gabas da yamma, har wuyana ya ƙage. Sai can na tuna jirgi ba ya bi ta saman Makka. Daga Jidda zai tashi ya juya ta kan teku, ko ƙararsa ba za ta iso nan ba. Tun ina yarinya na san wannan sarai.

Ban sauko ba sai da aka kira salla.